Yaƙin Rubu'in Sakan

Da sunan Mai Sama muke farawa, Shi da Ya halicci harshe Ya zagaye shi da haƙora har talatin da biyu, ko zai riƙa neman izini kafin ya fita. Bayan haka, ku matso ku ji tarihin sadauki ɗan sadauki, Hashimu ɗan Barau, jikan Jatau mai awon hatsi, tattaɓa-kunnen Tanko wanda aka ce ya taɓa korar kura da tari ɗaya, ko da yake wasu maruwaita sun ce kare ne, kuma da ma tafiyarsa yake yi. Hashimu dodon madannai! Mai yatsu goma masu aikin ashirin! Sarkin Yaƙin rumfa ta huɗu a layin masu buga takardu da ke bakin ƙofar jami'a a Samaru, gwarzon da ɗalibai ke rusuna masa in lokacin miƙa furojet ya ƙure, su kuma manta sunansa ranar da sakamako ya fito. A gabansa kwamfuta ke rawar jiki, a bayansa firinta ke kuka, kuma ba a taɓa jin ya ja da baya ba sai in tawada ce ta ƙare.

Shi wannan barden, shekara biyu cur ya yi yana kai hari wani zaure a Tudun Jukun, kowace Talata da Asabar bayan la'asar, wurin Balaraba, malamar lissafi a wata makarantar firamare. Marainiya ce, ta tashi a hannun kawunta Malam Maiwada, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Balaraba tana da wata ɗabi'a da kowa a gidan ya sani. In an yi mata magana sai ta ɗan yi shiru ta juya zancen a ranta kafin ta amsa. In kuma ita ce ke magana, takan tsaya a tsakiya ta ja numfashi, ta dubi tabarma, sannan ta ƙarasa, kuma kullum abin da ya fi nauyi a bayan numfashin nan yake zuwa. Mai kunne dai jira yake yi. Kuma tana son Hashimu, so na haƙiƙa. Ni mai ba da wannan labari na yi bincike iya ƙarfina ban gano dalili ba, amma tana sonsa.

To, ana nan cikin aminci sai wata Litinin ƙaddara ta shigo rumfa ta huɗu cikin siffar wata ɗaliba mai karantar ilimin halayyar ɗan Adam, ɗauke da furojet mai shafi tamanin. Hashimu ya naɗe hannun riga ya faɗa wa madannai. Yawanci ba ya karanta abin da yake bugawa, ido ne ke miƙa wa yatsa ba tare da an bi ta ƙwaƙwalwa ba, amma ranar, a shafi na goma sha bakwai, tsautsayi ya sa ya karanta. Abin da ɗalibar ta rubuta shi ne, wai wasu masana sun zaunar da mutane bibbiyu suna hira, suna auna tazarar da ke tsakanin ƙarshen maganar wani da farkon amsar ɗan'uwansa, suka ga waɗanda jininsu ya haɗu sukan amsa wa juna cikin rubu'in sakan ko ƙasa da haka.

Shafi na goma sha takwas kuwa cewa ya yi, tsakanin waɗanda suka riga suka shaƙu, dogon shiru ba aibu ba ne, har ma natsuwa ce. Amma kafin gwarzonmu ya juya takarda aka ɗauke wuta, ɗalibar ta tattara kayanta ta koma rumfa ta shida mai janareta. Haka ilimin Hashimu ya tsaya cak a shafi na goma sha bakwai, kuma da shi ya tafi yaƙi.

Ya zauna cikin zafin rumfa yana lissafi, gumi na keto masa. Rubu'in sakan! Balaraba da takan kai sakan uku, wani lokaci biyar? Ya tuna ranar da ya tambaye ta ko sabuwar hularsa ta yi masa kyau, har zakaran gidan ya yi cara sau biyu kafin ta ce, "Ba laifi." Ashe shekara biyu a bakin ganuwar da ba ta san da shi ba yake yaƙi! Nan take ya miƙe tsaye har kansa ya bugi kwanon rumfa, ya sha alwashi a gaban firinta da fanka da ba ta juyawa cewa sai ya murƙushe wannan tazara. Hikimarsa kuwa, Allah Ya kyauta, ita ce in shi ya rage tasa har ta kai sifiri, dole ta Balaraba ta biyo baya.

Sai aka shiga haɗa kayan yaƙi. Da yake ɗan Adam ba ya iya sauraron magana, ya fahimce ta, ya kuma tsara amsa duk cikin rubu'in sakan, sai sadaukin ya yanke hukuncin ajiye fahimtar a gefe, tunda ita ce mai nauyin. Ya ƙera makamai biyar ya rataya. In murya ta yi sama kamar tambaya, "Ƙwarai kuwa!" In ta yi ƙasa, "Haka ne!" In aka ambaci ciwo, "Subhanallahi!" In aka ce ko akwai damuwa, "Ko kaɗan!" In kuma kunnensa ya tsinci kalmar aure ko haihuwa ko ƙarin girma, sai ya saki babban mashin, "Madalla, Allah Ya sanya alheri!" Garkuwarsa kuwa agogon awo ne na cikin wayarsa, wadda yake riƙewa cikin aljihun riga, babban yatsa na kan madanni. Ko yaya yatsan da ya saba da dukan kwamfuta zai auna rubu'in sakan a cikin aljihu, oho, wannan sai masana.

Kwana takwas ya yi cikin halwa yana atisaye. Bai je zance ranar Talata ba, bai je ranar Asabar ba, bai kuma aika da ko gaisuwa ba, wai kada abokan gaba su ga makami kafin a wasa shi. Ya gwada ƙarfinsa a kan mai karanta labarai a rediyo, ya yi masa kaca-kaca. Ya gwada a kan mai rake. Ya gwada a kan ɗalibai, har wani ya ce, "Malam, ka buga mini guda," ya tsaya zai tuna adadi, Hashimu ya ce haka ne ya buga masa guda. Babban wanda ya jikkata a wannan atisaye shi ne maƙwabcinsa Isiyaku mai gyaran agogo, wanda ya zo da safe idonsa jajir ya ce, "Hashimu, akuyar nan tawa wurin haihuwa ta..." Bai rufe baki ba mashi ya same shi a ƙirji. Akuyar mutuwa ta yi, ita da abin da ke cikinta. Isiyaku ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Wannan tarar numfashin fa, yaushe ka koye ta?"

Ka ji sunan abin daga bakin mai gaskiya. Abin da Hashimu ke kira ilimi, Hausawa sun daɗe da raɗa masa suna tarar numfashi, wato ka yi wuf ka faɗa cikin maganar mutum a daidai inda ya tsaya shan iska, kuma tun muna yara ake make mana baki a kai. Amma gwarzon ya yi murmushin tausayi irin na masani a tsakiyar jahilai, ya rubuta a littafinsa cewa an samu nasara a kan Isiyaku.

A can Tudun Jukun kuwa, yayin da rundunarmu ke halwa, duniya ba ta tsaya jiranta ba. Ranar Lahadi wani Sabi'u mai kantin magani, mutum mai sanyin hali da ya daɗe yana hangen Balaraba daga nesa, ya turo magabatansa wurin Malam Maiwada da maganar aure. Tsohon ya kira ta ya ce, "Balaraba, ba zan yi miki dole ba, zaɓi naki ne. Amma shekara biyu ke nan ana shan zoɓon gidana ban ga dattijo ko ɗaya daga Samaru ba. Ranar Juma'a bayan masallaci zan ba mutanen Sabi'u amsa. In mutumin naki da gaske yake, ya turo kafin nan." Ta yi shirunta da ta saba, sannan ta ce, "To, Kawu, zan faɗa masa." Kwana biyu ta yi tana tsara yadda za ta ce wa namiji ya turo ba tare da kunya ta kashe ta ba, ga kuma zullumin rashin zuwansa har sau biyu yana cin ta. Saƙon nan guda ɗaya shi ne duk abin da Hashimu yake bukatar ya ji a duniya, kuma jin sa ba ya bukatar komai sai rufe baki na sakan uku.

Ranar Talata, ranar gumurzu, rana ta karkata, aka idar da la'asar. Sai ga sadaukin ya fito cikin sulken shadda ruwan toka mai sitaci, kwalkwalin zanna a kansa, turare na tashi har ƙudaje na ja da baya. Ya haye tsohon baburinsa mai tari uku kafin ya tashi, ya keta Samaru, ya ratsa cunkoson Kwangila yana danna ƙaho, masu lemo da masu rake suna darewa, ba don kwarjini ba, don an san birkinsa. Ya isa ƙofar gidan Malam Maiwada ya kafe babur, ya gyara hula, ya sa hannu cikin aljihu ya tabbatar garkuwa na nan, ya yi sallama da muryar da ta tayar da kaji.

Balaraba ta fito da tabarma da jug ɗin zoɓo, ta zauna a gefe ta sunkuyar da kai. Aka fara da gaisuwa, wadda ita ce ƴar arangamar share fage. Nan kam gwarzon ya yi ɓarna. "Ina wu..." "Lafiya lau!" "Ya ai..." "Da godiya!" "Kwana biyu ba..." "Haka ne!" Da ma so take ta ce kwana biyu ba ka zo ba, na damu, ko lafiya. Ta haɗiye sauran ta ɗan ɗago ta dube shi. Idonsa ba ya kanta, yana kan laɓɓanta, yana jiran su rufe, hannunsa kuwa na motsi cikin aljihu kamar mai neman ƙuma.

Ta zuba masa zoɓo. Ta gyara mayafi. Ta yi ta maza ta fara karanto abin da ta kwana biyu tana haddacewa.

"Malam, akwai maganar da Kawu ya ce in faɗa maka."

"Ƙwarai kuwa!"

"Wani ne ya turo mutanensa ranar Lahadi. Sabi'u, mai kantin maganin nan na bakin titi. Maganar aure suka kawo. Kawu ya ce ranar Juma'a zai ba su amsa, in na amince..."

Sai ta tsaya. Ta ja numfashin nan nata, ta dubi tabarma, tana tattaro ƙarfin da za ta ce, ni kuwa na ce masa ina da kai, ka turo kafin Juma'a. Ya ku ma'abota tarihi, ku dubi wannan numfashi da kyau, don a cikinsa aure yake, da ɗaki, da ƴaƴa, da tuwon dare na shekara arba'in. Amma kunnen sadauki bai ji Sabi'u ba, bai ji Juma'a ba, bai ji amincewa ba. Kalma ɗaya ya tsinta, aure, ya kuma ga laɓɓa sun haɗu. Ya ga gibi a ganuwa, ya yi kabbara a zuci, ya saki babban mashi da dukkan ƙarfinsa, har da ƙarin wutsiyar da bai taɓa gwadawa ba ko a atisaye.

"Madalla! Allah Ya sanya alheri! Allah Ya sa a yi da mu!"

"Amin," in ji Balaraba.

Ko ƙiftawar ido ba a yi ba tsakanin addu'ar da amin ɗin. Yatsan Hashimu ya kasa ma danna agogo. Tsigar jikinsa ta tashi. Ganuwa ta tsage! Ita kuwa ta ɗago kai sosai, abin da ba ta taɓa yi a zauren nan ba, ta kafe shi da ido.

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Ƙwarai kuwa!"

"Kuma ba ka da wata damuwa?"

"Ko kaɗan!"

"Da ma abin da ya hana ka zuwa ke nan."

"Haka ne!"

"Shi ke nan. Na gode."

Kai jama'a! Musayar wuta har sau huɗu babu tazarar da allura za ta shiga! Ba a gaya wa bawan Allah ba cewa mai fushi ma ba ya jinkirin amsa, wataƙila wannan yana shafi na goma sha tara. Balaraba ta tashi ta ɗauki jug ɗinta ta shige gida ba ta jira ya gama shan na kofinsa ba. Abin da ya faru a bayan ƙyauren kuwa ba na raha ba ne. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai cin rai, kukan macen da ta ajiye kunyarta ta miƙa hannu aka sa mata albarka ta tafi wurin wani. Wallahi ta ba ni tausayi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shi kuwa gwarzon ya shanye zoɓo, ya naɗe wa mutane tabarma da kansa, ya hau babur baki har kunne. Ya shiga Samaru shigar mai ganima, ya tsaya a teburin Isiyaku ya yi shelar cewa an ci gari, tazara ta mutu, a fara neman ɗinkin biki. Isiyaku ya tambaye shi me ta ce. Hashimu ya ce ba abin da ta ce ne abin dubawa ba, saurin da ta ce shi ne. Isiyaku ya mayar da gilashinsa a ido ya ci gaba da tonon agogo. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, sadaukin na zaune yana zana jadawalin nasarorinsa a kwamfuta, da layi ja da layi shuɗi, yana shirin in ya ƙara tattara hujja na wata guda sai ya sanar da baffanninsa.

Safiyar Juma'a, wajen ƙarfe goma, sai ga Malam Maiwada da kansa a bakin rumfa ta huɗu, da sandarsa da farar rigarsa, ya sha motar haya tun daga Tudun Jukun. Dattijon kirki ne, bai yarda a yanke zancen shekara biyu da jin bakin ɓangare ɗaya ba, shi ya sa ya taso. Wannan ita ce dama ta ƙarshe, ta zo har gida da ƙafarta tana dogara sanda. Hashimu ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa, ya share masa benci, zuciyarsa na buga tambari, don a ganinsa sarkin garin da aka ci ne ya zo miƙa wuya.

Tsohon ya zauna, ya ɓantari goro, ya ce, "Ɗana, yarinyar nan ta faɗa mini yadda kuka yi ranar Talata. Na ce ban yarda ba sai na ji daga bakinka. Abin da ka faɗa mata, shin har zuciyarka..." Ya tsaya zai juya goro daga wannan kunci zuwa wancan. Ragowar maganar ita ce, ko kuwa ba ka fahimce ta ba ne.

"Har zuciyata, Kawu! Wallahi tallahi har zuciyata!"

Malam Maiwada ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya girgiza kai ya ce, "To, Allah Ya yi maka albarka. Samari masu haƙuri irinka sun yi ƙaranci." Ya sa hannu a aljihu ya zaro wata takarda a ninke. "Mutanen Sabi'u a shirye suke, har rana sun kawo, amsa kawai suke jira in an sauko masallaci. Ita ta rubuta wannan, ta ce in har ka tabbatar, kai za a ba ka buga katin, tunda ka roƙi a yi da kai."

Hashimu ya warware takardar. Rubutun Balaraba ne, mai tsabta, irin na malaman lissafi. Iyalan marigayi wane da na Alhaji wane suna farin cikin gayyatar ku ɗaurin auren ƴaƴansu. Ya karanta sau ɗaya. Ya sake karantawa, wannan karon har da ƙwaƙwalwa. Sai maganganun ranar Talata suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ma'anarta a goye, Sabi'u, Juma'a, in na amince. Ya laluba cikin makamansa biyar bai sami wanda ya dace ba. Ya so ya ce kuskure ne, amma yanzun nan ya rantse da Allah sau biyu a gaban dattijo, kuma da wane baki zai ce shekara biyu yana zuwa zance amma bai saurari maganar da aka yi masa ba, agogo yake dannawa?

Tsohon bai katse shi ba. Ya zauna yana taunar goronsa, ya ba shi fili irin wanda manya ke bayarwa, fili mai faɗi da babur zai juya a ciki. Firinta ta yi shiru, Isiyaku ya ajiye abin da ke hannunsa yana leƙe. Dodon madannai, jikan Jatau, Sarkin Yaƙin rumfa ta huɗu, ya buɗe baki, ya rufe, ya jawo kujera gaban kwamfuta ya zauna.

"Kawu," ya ce da wata ƴar murya, "sunan angon, da manyan baƙaƙe za a sa ko da ƙanana?"

"Da manya," in ji Malam Maiwada.